Yayana da 'Ya'yan Katantanwar Teku

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi kowa zai koma. Yayana ya riga mu komawa wata Talata bayan girbi. Muka kai shi makwancinsa a bayan garinmu, nan kusa da Babankatami, gefen kabarin Baba.

Kwana uku muna zaune a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, ina sauraron abin da mutane ke faɗa a kansa. Tsofaffin gari suka ce mutum ne mai haƙuri, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ɗayansu ya rage murya, yana zaton ban ji ba, ya ce, "Sai dai karatu ya ɗan taɓa shi. Babba da shi, shina yawon tsintar duwatsu." Sauran suka gyaɗa kai.

Rana ta biyu mota ta kawo ɗalibansa na dā daga Madawa da Keita, duk sun zama magidanta. A cikinsu akwai wata mata da ke aikin jinya a gidan likita. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta kira shi Mushe yadda ɗalibai ke kiran malami, ta ce, "Mushe ne ya fara nuna mini zuciya tana bugawa. A cikin ƙwan dodon koɗi na gan ta." Sai kuka ya ci ƙarfinta. Tsofaffi suka dubi juna.

Rana ta uku wani mai haƙar rijiya ya iso a ƙafa daga wajen Keita, da ɗan buhu a kafaɗa. Bai ji labarin rasuwar ba, an dai ce masa an kawo Mushe gida ba lafiya. Da ya ga tabarmi da taron mutane, ya tsaya ya daɗe a tsaye. Sannan ya kwance bakin buhun ya zube a gabana. Katantanwa ce ta dutse, manya da ƙanana, waɗanda ya tono a gindin wata rijiya ya ajiye masa.

"Ya ce in na samu mai baki a buɗe in kawo mishi," in ji shi. "Ga ta nan, na samu."

Inna kuwa ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ɗan farinta ne, tun haihuwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, "yayanku" take cewa. Tana zaune a ɗaki da tasbaha, duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta ce mata, "An gode," shi ke nan.

Da taro ya watse na lura kowa ya san shi da tsintar duwatsu, amma babu wanda ya san abin da ya so ya yi da rayuwarsa, balle wanda ya hana shi. Ni na sani, don ni ne. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Yaya ya girme ni da shekara tara. Shi aka ɗauka lakwal, makarantar boko, a gidanmu, ni aka bar ni da gona. Ya yi karatu ya zama malamin makaranta, ya yi aure, ya koyar shekaru masu yawa. Sai ya ci wata jarrabawa, aka ba shi damar ƙaro karatu a Dakar, a bakin teku. Ya bar mana matarsa da 'ya'yansa biyu ya tafi.

Hutunsa na farko ya zo gida da wani littafin rubutu cike da zane. Da hantsi muna zaune a tsakar gida, ya ga tsohuwar ƙwaryar Inna wadda aka yi wa ado da wuri, ya ɗauko ta.

"Inna, kin san wurin ga gidan wani abu mai rai ne?"

Inna ba ta dube shi ba, ni ta duba. "Tambayi yayanku, mai gidan ina ya tahi?"

Ya yi dariya ya ce mai gidan ya mutu tun kafin a haifi kakanta. Ya ce wuri dangin dodon koɗi ne, a teku yake zaune, kuma irinsu suna da yawa. Abin da yake karantawa shi ne 'ya'yansu. In suka fito daga ƙwai ba sa rarrafe kamar iyayensu, iyo suke yi. Kowane bai kai ƙwayar yashi ba, sai da madubin likita mai ƙara wa abu girma ake ganinsa. Ya buɗe littafin ya nuna mana wani abu mai kama da fikafikai biyu, gefensu duk ƙananan gashi. Da gashin yake tuƙa kansa cikin ruwa. Ga ɗigo biyu baƙaƙe, idanunsa ke nan, ba sa ganin kamannin komai, haske da duhu kawai suke rarrabewa. A ƙasa kuma ga 'yan jakunkuna biyu, kowace da ƙwayar tsakuwa a ciki. In ya karkace, tsakuwar ta gangara gefe, sai ya san ina ne sama ina ne ƙasa.

"In ka ƙwanƙwasa gilashin," in ji Yaya, "gashin duka sai ya tsaya lokaci guda, ya shige cikin ɓawonshi ya nitse. Ke nan akwai jijiyar da ke kai saƙo. Ita nake bi in ga inda ta hito da inda ta nuha."

Baba ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Ana cin shi?"

"A'a, Baba."

"Shina maganin wani ciwo?"

"Ban sani ba tukuna."

"To, don mi?"

Yaya ya rufe littafin a hankali. "Don a sani, Baba. Abin da bai kai ƙwayar yashi ba Allah Ya yi mishi ido da jijiya. Ina son in ga yadda Ya yi."

Baba ya ce Allah Ya taimaka, ya tashi ya tafi masallaci. Ni ko tambaya ɗaya ban yi ba. Ina ganin wasan yara ne da babban mutum ya samu.

Sai fari ya zo. Wanda ya rayu a ƙasarmu ta Adar shekarun nan ba ya bukatar a ba shi labari. Damina biyu gero bai kai gwiwa ba. Rumbu ya ƙare, shanunmu suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya, mata suna tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. Baki goma sha ɗaya ne a wuyana, har da matar Yaya da 'ya'yansa. Wasiƙarsa ta zo yana cewa aikinsa ya kusa kammala, saura wata uku, mu yi haƙuri. Aka karanta mini ina tsaye kusa da saniyarmu ta ƙarshe. Mu muna neman ruwan da za mu sha, shi yana can yana leƙen ruwa a gilashi.

A makon nan Baba ya yi zazzaɓi na kwana huɗu ya warke. Ranar kasuwa na tafi Buza wajen mai rubuta wasiƙa, don lokacin ban iya rubutu ba. Na ce ya rubuta Baba yana kan gargara, in Yaya yana son ya same shi da rai ya taso yau.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a hanya, jirgin ƙasa zuwa Bamako, daga nan bayan kamiyo, motar kaya, har gida. Ya shigo zaure da jakarsa, ƙafafunsa a kumbure, ya tarar da Baba zaune yana tufkar igiya. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi jiki. Baba ya ce, "Wane jiki? Ɗan zazzaɓi ne, ya wuce tuni." Yaya ya juyo ya dube ni.

Ya shiga cikin gida ya ga ɗiyarsa, wadda ya bari tana gudu, a kwance ba ta iya zama. Ya leƙa rumbu. Ya zaga gari. Bayan kwana biyar ya tafi Madawa ya nemi a mayar da shi aji, aka ba shi koyar da ilimin halittu a koleji. Daga ranar kowane wata buhun hatsi yana isowa gidanmu, kuma ba mu binne kowa ba a yunwar nan. 'Ya'yan katantanwar da ya bari a kwalabe wajen wani abokinsa sun mutu kafin wata ya ƙare. Matarsa ce ta gaya mini haka, shi bai taɓa faɗa ba.

Abu ɗaya ya yi mini. Da aka buɗe karatun manya a garinmu, ya zo da kansa ya sa sunana. Na ce na girma da zaman aji. Ya ce, "Za ka tahi. Daga yau in kana da magana da ni, ka rubuta ta da hannunka." Na sunkuyar da kai na tafi. Hannun da nake wannan rubutu da shi, nan na same shi.

A koleji madubin likita ɗaya ne, kuma Yaya ya fi kula da shi fiye da rigar jikinsa. Tun da babu teku, sai ya koma tabki. Yakan naɗe wando ya shiga yana juya ganyen bado, yana neman ƙwan dodon koɗi da ke manne a ƙasan ganye kamar majina. Mutane suna wucewa kan jakai suna kallonsa. Ya kai aji, ɗalibai su yi layi, kowa ya sa ido ɗaya ya ga ɗan abu yana jujjuyawa a cikin ƙwai, da ɗigon idanunsa biyu. Yakan ce musu na tabki a cikin ƙwai suke gama ƙuruciyarsu, na teku ne ke fita yawo. In ɗalibi ya yi saurin ba da amsa, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Mu duba tukuna." Ko a gida haka yake. In aka ce wane ya yi kaza, ko hadarin nan na ruwa ne, amsarsa ke nan. Har yara suka riƙa kwaikwayonsa a bayan idonsa.

Daga baya aka mayar da shi Keita. Can ya haɗu da mai haƙar rijiyar da na ambata. Ɗan mutumin yana fitsarin jini, ana cewa alamar balaga ce. Yaya ya ce tsargiya ce, kuma ƙwayar cutar a jikin dodon koɗin tabki take girma kafin ta shiga mutum. Ya ɗauki yaron a bayan babur ɗinsa ya kai shi likita, ya ajiye shi a gidansa har ya warke. Uban ya rasa abin da zai saka masa da shi, sai ya fara kawo masa duwatsun da yake tonowa.

Wata rana na kai masa ziyara, ya ce in zo mu hau tudu. Muka hau har numfashina ya ɗauke. A saman ya durƙusa ya kwashi ƙasa ya zuba mini a tafi. Rabinta katantanwa ce da ta zama dutse.

"Nan da muke tsaye ƙasan teku ne dā," in ji shi. "Daga nan har bayan Buza. Iyayen ne waɗanga. 'Ya'yansu sun yi iyo bisa kanmu, can sama inda shaho ke yawo. Su ba su bar komi ba, jikinsu ya yi taushi da yawa."

Na dubi ƙasar, ko ciyawa babu, sai baƙin dutse da rana. Na ce, "Yaya, kada ka riƙa faɗin wannan gaban mutane."

Ya riga ya faɗa. Limamin unguwarsu ya taɓa tare shi ya tambaye shi ko ruwan zamanin Annabi Nuhu yake nufi. Yaya ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, wanga ruwa ya daɗe ya hi wancan, amma Mai ruwan ɗaya ne." Liman ya ce wannan amsa ta ishe shi, har ya karɓi katantanwa ɗaya yana danne takardunsa da ita.

Faɗanmu ya zo bayan rasuwar Baba, wanda ya yi shekara shida a duniya bayan wasiƙata. Ina gona ina huɗa da rana tsaka sai na ji ƙarar babur. Yaya ya sauko, ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya zaro tsohon littafinsa na Dakar da wata takarda bugagga da abokinsa ya aiko masa. Ya shimfiɗa su kan kunya. A littafin akwai zanen da ya yi da fensir, wani ɗan tsiro a tsakiyar kan abin, tsakanin fikafikan biyu, ya kewaye shi da jan layi. A takardar akwai hoton abu ɗaya, wanda wasu masana na wata ƙasa suka ɗauka da madubin da ya fi nasa ƙarfi nesa.

"Shi ne," in ji shi. "Na gan shi shekara goma da sunka wuce. Ina cikin binshi wasiƙarka ta zo."

Na ce Allah bai nufa ba.

"Baba bai yi ciwon ajali ba, ƙanena. Ka sani, na sani."

Shekara goma ina jiran wannan magana, amma da ta zo sai fushi ya kama ni maimakon kunya. Na jefar da hauya. Na ce da bai zo ba ɗiyarsa za mu fara binnewa. Na ce shi aka zaɓa aka kai lakwal, ni aka bar ni da rana da yunwa da iyalinsa, kuma ban taɓa yi masa gori ba. Na ce duk abin da ke cikin littafin nan bai kai tiya ɗaya ta gero ba. Ya bar ni na gama.

"Duk gaskiya ne," ya ce. "To mi ya hana ka rubuto mini haka? Ka ce yunwa za ta kashe ɗiyata."

"Da ka zo?"

Ya tattara takardunsa yana kaɗe musu ƙasa.

"Ina gaya wa kaina da na zo," ya ce. "Amma ban sani ba. Kai ka hana ni sani."

Ya hau babur ya tafi, bai shiga gida ya gaida Inna ba. Shekara biyu ba mu yi magana ba. In ya zo sallah mu gaisa kamar baƙi. A cikin shekarun ne fari na biyu ya sauka, kuma buhun hatsinsa bai fasa zuwa ko wata ɗaya ba. Ina sauke shi daga mota ina jin nauyinsa ya fi na dā. Inna ce ta gaji, ta kira ni ta ce, "Ni ban san abin da ke tsakaninka da yayanku ba, kuma ban son sani. Amma ba ni mutuwa in bar ku haka." Na shirya zan je Keita, sai aiki ya riƙe ni, sai damina, sai na ce bayan girbi. Kafin girbin aka aiko cewa yana kwance.

Ciwon hanta ne. An kai shi likita a Tawa, suka riƙe shi makonni, daga baya suka ce a mai da shi gida. Da na je ɗauko shi ban gane shi ba sai da ya yi magana. Idanunsa sun yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, hannuwansa kamar kara. Muka kawo shi ɗakin Baba.

Wata rana bayan azahar aka fito da shi inuwar zaure don ya sha iska. Mu biyu ne kawai. Na zauna a gefen tabarmarsa na ce, "Yaya, ka yafe mini."

"Na yahe tun ranar da na ga rumbu," ya ce. "Zahin ne bai tahi ba. Abu biyu ne, kada ka haɗa su."

Kaji suna tono a gabanmu. Can, ban san daga ina maganar ta fito ba, na ce, "Abin nan da ka kewaye da jan layi, mi ne aikinshi?"

Ya juyo da kai ya dube ni, ya ga da gaske nake. Ya ce in ɗaga shi ya jingina. Ya miƙa yatsa ya fara zane a ƙasa. Ya ce ɗan katantanwa yakan yi kwanaki, wani ma makonni, ruwa yana yawo da shi. Ba ya sauka ko'ina sai ya ji alamar wurin da irinsa ke iya rayuwa, wata ciyawar ruwa ko wani abin da zai ci in ya girma. Idanunsa ba su isa su nuna masa ba. A zatonsa ɗan tsiron nan na tsakiyar kai shi ke ɗanɗana ruwan, jijiyoyinsa kuma suna shiga kai tsaye cikin 'yar ƙwaƙwalwarsa. In ya ji abin da yake nema sai ya nitse, ya zubar da fikafikan, ya fara rarrafe. Tsiron ma sai ya ɓace, babba ba ya da shi. Na tambaye shi in bai samu wurin ba fa. Ya ce yakan jinkirta iyakar ƙarfinsa, wasu su dace, da yawa su mutu a hanya. Na tambaye shi yadda ake kama abin da ido ba ya gani. Ya yi bayanin wani ƙyalle mai laushi da ake ja a bayan kwalekwale da sassafe, da warin ruwan gishiri, da yadda hannu ke rawa in za a ɗauki guda ɗaya da bakin gilashi. Muryarsa ta dawo irin ta aji. Sau biyu matarsa ta leƙo da kunu, ya ɗaga mata hannu ta koma. Rabin abin da ya faɗa ban gane ba, amma duk inda na tsaya sai ya share ƙasar ya sake zanawa, bai gaji ba.

Kiran la'asar ne ya katse mu. Ya dubi zanen ya ce, "Saura jijiyar ƙafar da yake rarrafe da ita. Gobe in na ji dama."

Washegari bai iya tashi ba. Kwana huɗu bayan nan ya cika, da hantsi, kansa a cinyata.

Shekara goma sha uku ya yi tare da mu bayan na dawo da shi. Na ci hatsinsa, na koyi rubutu a dalilinsa, na yi masa faɗa, na ƙaurace masa. A duk shekarun nan sau ɗaya na tambaye shi abin da ya sani, kuma yini ɗaya bai ishe shi ya gama ba.

Allah Ya gafarta wa Yayana, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya saka masa da alherin da ya yi mana muna sane da wanda ya yi ba mu lura ba. Allah Ya ba Inna da matarsa da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Wanda ya karanta wannan, in ya yi masa addu'a, ya sa ni a ciki.